Shin Cuɗa Iri Da Ƙwayoyin Halitta Shisshigi Ne?

Wasu na ganin cuɗa iri da ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani, kamar NoduMax da cibiyar IITA ta Ibadan ke yi domin waken suya, shisshigi ne cikin ikon Allah. Ban yarda ba. Dama ƙwayoyin suna zaune a ƙulluttukan saiwar wake da gyaɗa, suna jawo naitirojin daga iska su ciyar da shuka. Masu bincike ba su halicce su ba, zaɓo masu ƙarfi suka yi suka yawaita su, wanda riƙo da sababi ne kamar kai taki gona. Gaskiya ne zafi da fari kan kashe su, shi ya sa ake neman masu jure busasshiyar ƙasa irin ta Sahel.