Waɗanda Suke Tsaye a Kasuwa Har Yamma

Karatu: Matiyu 20:1-16

A cikin wannan nassi, Yesu ya ba da misalin wani mai gonar inabi wanda ya fita da sassafe neman ma'aikata, ya yi jinga da su a kan dinari guda a yini. Ya sāke fita da hantsi, da tsakar rana, da azahar, har wajen ƙarfe biyar na yamma. A wannan fita ta ƙarshe ya tarar da waɗansu a tsaye, ya tambaye su dalilin da ya sa suka yini ba aiki. Suka amsa masa cewa ba wanda ya ɗauke su. Ainihin koyarwar misalin a kan alherin Allah take, amma a ciki akwai hoton dubban 'ya'yanmu na yau, waɗanda suka gama makaranta suna ta yawo da takardu a hannu.

Bari mu duba kasuwar da suke tsaye a ciki. Yaro ya gama jami'a a makare saboda yajin aikin malamai, kamar na shekarar 2022 wanda ya ci wata 8. Ya yi hidimar ƙasa shekara guda, alawus ya yanke. Ya shiga intanet ya ga tallar aiki, sai ya tarar an ƙayyade shekarun haihuwa, an kuma ce sai wanda ya taɓa aiki a wani wuri. Ya sayi data da kuɗin da mahaifiyarsa ta samu a gona, ya aika da takardu wurare da yawa, ko amsa babu. Ba mu manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, sa'ad da dubban ɗaruruwan matasa suka biya naira 1,000 kowannensu don neman gurabe kimanin 4,500 a Hukumar Shige da Fice. Aka yi turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 15 suka rasa rayukansu. Waɗannan ba ragwaye ba ne, neman abinci ne ya fito da su.

Abu na fari da za mu koya shi ne, maigidan ya yi tambaya kafin ya yanke hukunci. Sau da yawa mukan ɗauki maganar Manzo Bulus a 2 Tasalonikawa 3:10 mu jefi matasanmu da ita. Amma Bulus yana tsauta wa wanda ya ƙi yin aiki ne, bai ambaci wanda ya nema ya rasa ba. Iyaye, ku daina gwada ɗanku da ɗan maƙwabci a gaban ƙannensa. Masu wa'azi, mu yi hankali da ce wa kowane marar aiki wai la'anar gida ce take binsa, ya kawo kuɗi a karya ta. Wanda yake ɗauke da kaya mai nauyi, taimako yake bukata.

Abu na biyu, gare ku ne matasa. Mutanen nan sun tsaya a kasuwa har yamma, ba su koma gida sun kwanta ba, ba su kuwa bi wata karkatacciyar hanya ba. A yau jarabar ita ce sayen gurbin aiki. Abin ya yi yawa har Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a 2023 don binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Akwai iyalai da suka sayar da gona ko shanu, suka karɓi takardar ɗaukar aiki ta jabu. Fitowa 23:8 ta gargaɗe mu cewa rashawa takan makantar da mutum. Wanda ya shiga ofis ta hanyar cin hanci, da wuya ya ƙi karɓa daga hannun wani gobe, domin bashin da ya ci yana jiransa. Haka kuma rage shekarun haihuwa a takardar rantsuwa ƙarya ce a gaban Allah, ko da kowa yana yi.

Kada kuma ku raina aikin hannu. Bulus ya yi karatu a wurin Gamaliyel, duk da haka ya ɗinka alfarwa tare da Akila da Bilkisu a Koranti. Ubangijinmu kansa an san shi da sassaƙa a Nazarat. Ɗinki, kiwon kaji, gyaran waya, haɗa wutar sola da noman rani ba sa rage darajar digiri. Da zaman banza gara aikin kishiya, in ji Hausawa.

Abu na uku, gare mu ne ikilisiya. Maigidan bai zauna a gida yana jiran a ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Sau biyar ya taka zuwa kasuwa da ƙafarsa. Dattawa, kun san yawan matasan majami'arku da ba su da aiki? Kun san sunayensu da abin da suka karanta? A cikinmu akwai kafintoci, da teloli, da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwa. Kowanne zai iya ɗaukar yaro ɗaya ya koya masa sana'a. Zumuntar Mata da ta Maza za su iya yin adashi don ba da jari. Wanda ya ji labarin gurbi na gaskiya, ya sanar a sujada. Ku kuma da kuke da ma'aikata, ku tuna Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta hana riƙe hakkin ɗan ƙodago. Abin kunya ne makaranta ko asibitin da yake ɗauke da sunan Almasihu ya bar ma'aikata wata da watanni ba albashi.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan rana ta yi maka nisa a kasuwa, ka tuna Yusufu ya ƙara shekara 2 a kurkuku bayan mai shayarwar Fir'auna ya manta da shi, amma Allah bai manta ba. Darajarka a wurin Allah tana nan, da albashi ko babu.

Ubangiji ya buɗe wa 'ya'yanmu ƙofofin halal, ya tsare su daga mazambata, ya kuma ba ikilisiyarsa zuciyar fita neman su tun rana ba ta faɗi ba. Amin.