Haƙƙin Abokin da Hira Ba Ta Kaiwa Kunnensa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ji da gani da zukata. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa mazauna Sabo da masu kwana a Bodija da Shasha, Allah ya sa mu dace da albarkar wannan Juma'a.

Kowa a cikinmu ya tuna shekararsa ta farko a ƙasar Yarbawa. Kana zaune a mota ko a bakin shago, mutane na magana, sai su tuntsire da dariya, kai kuwa ba ka san abin da aka ce ba. Sai ka yi ɗan murmushin yaƙe, zuciyarka na raya maka ko da kai ake. Da yawanmu wannan baƙunta ta wuce cikin wata shida ko shekara, kunne ya saba, harshe ya kama. To akwai 'yan'uwanmu da ke cikin wannan hali kullum, kuma a tsakiyar majalisar Hausawa, wajen mai shayin da suka shekara ashirin suna zama. Su ne waɗanda Allah ya jarraba da kurumta, ko aka haife su da ita, ko ta same su daga baya.

Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mutum biyu su keɓe da magana su bar na ukunsu, kuma ya faɗi dalili: don hakan yana baƙanta masa rai. Malamai sun shigar da masu juya harshe zuwa yaren da na ukun ba ya ji a cikin wannan hani. Ku duba da kyau, jama'a. Idan abokinmu mai nauyin kunne yana zaune, muka yi ta hira muna kallon wani gefe, baki cike da goro, ya taɓa mu ya ce "me aka ce?", muka amsa masa da "ba komai, bar shi kawai", me muka yi in ba wannan ba? Wallahi wannan "ba komai" ɗin ta kori mutane daga majalisa fiye da faɗa. Yau ya tambaya an ce ba komai, gobe ya tambaya an ce sai an jima, jibi ba zai tambaya ba. Bayan wata biyu sai ka ji ana cewa wane ya zama mai girman kai, ba ya zama cikin mutane. Daga barin majalisa sai barin zuwa ɗaurin aure, daga nan sai a neme shi a sahun Magariba a rasa.

Mun san dalilin saukar surar Abasa. Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho ne, ya zo yana neman a karantar da shi alhali Annabi (SAW) yana fama da manyan Ƙuraishawa, yana kwaɗayin su musulunta. Fuskar Annabi mai daraja ta sauya, ya kau da kai. Ɗan Ummu Maktum bai ga komai ba, ai makaho ne. Amma Allah ya gani, ya saukar da ayoyi da ake karantawa har tashin ƙiyama. Wannan ya ishe mu wa'azi game da abin da muke faɗa a gaban kurma muna cewa ai ba ya ji. Zolayar da ake yi a bayansa, da kwaikwayon muryarsa da yara ke yi manya na dariya, da cinikin da ake ƙulla a gabansa a kan kayansa da farashin da ba shi aka nuna masa ba, duk akwai Mai ji.

Magabata ba su ɗauki nauyin kunne a matsayin abin da ke rage darajar mutum ba. Muhammadu ɗan Sirin na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, ɗan kasuwa ne mai sayar da tufafi, kuma yana da nauyin ji, amma daga gare shi aka ɗauki hadisi da fiƙihu. Abul Abbas al-Asammu na Naisabur ya kurumce har ba ya jin komai, duk da haka ya yi shekaru masu yawa yana kiran salla a masallacinsa, ɗalibai na tahowa daga garuruwa masu nisa. Shi kuwa Hatimul Asammu, malamin Balkh, kunnensa lafiya lau. An ruwaito cewa wata mata ta zo masa da tambaya, sai iska ta kuɓuce mata, kunya ta rufe ta. Sai ya ce ta ɗaga murya don ba ya ji sosai. Hankalinta ya kwanta, shi kuma sunan kurma ya bi shi. Mutum ya ari kurumta don ya rufa wa baiwar Allah asiri, mu kuma mai kurumtar gaske muke kunyatawa.

A wajen shari'a, kurma mukallafi ne kamar kowa. Juma'a ta hau kansa, zai zo ya zauna ya yi shiru ko da huɗuba ba ta kai kunnensa. A mazhabarmu ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ya nuna yarda, don haka isharar da aka fahimta ta wadatar a saye da sayarwa, haka ma a aure ga wanda ba ya iya furuci. Saboda haka babu hujjar da za a ce wa ɗan'uwa ya koma gefe wani ya yi masa ciniki ba da saninsa ba.

Yanzu bari mu zo kan maganar da ta yawaita a bakin mutane, wato na'urar da ake dasawa. Ana haɗa abu biyu a wuri guda, alhali sun bambanta. Akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne, aikinta ƙara ƙarfin sauti ne kawai, kamar lasifika, tana amfanar wanda ke da sauran ji. Akwai kuma ta dashe, wadda sai an yi tiyata. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan lungu mai siffar katantanwa, cikinsa akwai ƙananan gasu da ke mayar da sauti saƙo zuwa jijiya. Idan gasun nan suka mutu ba sa sake tsirowa, ko an ƙure lasifika a banza. Sai likita ya sa wani ɗan faifai a ƙarƙashin fata a bayan kunne, ya zura siririyar waya cikin katantanwar, ta riƙa taɓa jijiyar kai tsaye da ɗan lantarki. Daga waje kuma akwai ɓangaren da ke ɗaukar sauti, yana mannewa da na ciki da maganaɗisu. Wani likita a Ostireliya, Graeme Clark, yana cikin waɗanda suka fara irin wannan dashe a shekarar 1978. Neman magani kuwa sunna ce, ba ya warware tawakkali. Ɓangaren ciki yana ƙarƙashin fata, bai hana alwala ko wanka ba. Na waje kuwa a cire a shafi kunne a mayar.

Amma ku ji abin da masu murna ba sa faɗa. Ba a kunna na'urar ranar tiyata, sai bayan 'yan makonni idan wurin ya warke. Ranar da aka kunna, mutum ba muryar matarsa yake ji kamar yadda ya santa ba. Wasu na cewa kamar rediyon da bai kama tasha ba, wasu kamar ƙarar ƙarfe. Ƙwaƙwalwa ce za ta koyi fassara wannan sabon sauti, kuma koyon yana cin watanni, tare da komawa asibiti ana daidaita na'urar. Tana cin batir, ga halin wutarmu kun sani. Idan ya cire zai kwanta, ko batir ya mutu, ya koma kurma kamar jiya. A cikin hayaniyar kasuwa, inda babur da janareta da masu talla ke tashi lokaci guda, ko mai na'ura yana shan wuya. Kuɗinta kuwa miliyoyin naira ne, ban da na gyara da kayan canji.

Abin da ya sa na tsaya a nan shi ne wani kuskure da ake yi. Abokai su yi karo-karo, Allah ya saka musu, a yi aiki, sannan su ce to shi ke nan, an gama da wane, ai yanzu yana ji. Idan ya ce a maimaita sai a ce "duk kuɗin nan da aka kashe?" Haba jama'a! Lokacin ne ma ya fi bukatarku. Kunnen nan sabo ba ya koyo sai da hira, kuma hirar abokai ta fi ta kowa, don ya san muryoyinku tun da, ya san irin maganar kowa. Wanda ya zauna da shi rabin awa bayan La'asar a wuri marar hayaniya yana ba shi labarin farashin tumatir da wanda ya zo daga gida, ya yi masa abin da likita ba zai iya ba.

Kuma ba ihu ake bukata ba. Ihu yana murguɗe baki ya ɓata sauti, ga tozarci. Ka taɓa kafaɗarsa tukun, ka fuskance shi, ka tsaya inda haske ke kan fuskarka, ka yi magana a natse. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa rabin jinsa a fuskarka yake. In bai gane ba, sauya kalma, ko ka rubuta masa a waya. A majalisa a riƙa magana ɗaya bayan ɗaya, in an sauya zance wani ya sanar da shi an koma kan kaza.

Ba kowane kurma ne zai sami dashe ba, ba kowa ne ma yake so ba, kuma wannan ba aibi ba ne. Kurame na ƙasar Hausa suna da yarensu tun kaka da kakanni, maganar hannu, da ita suke ciniki da zance da faɗa da sulhu. A nan kudu kuma yaran da suka shiga makarantar kurame, irin wadda Andrew Foster ya kafa a nan Ibadan a 1960, wata maganar hannun suke koyo mai tushe daga Amurka. Mu da muka koyi Yarbanci don neman kuɗi, wasunmu har da Ibo, a ce mun kasa koyon ishara talatin don abokin da muke ci a kwano ɗaya da shi? Wannan lalaci ne, ba rashin iyawa ba.

Ga iyaye, musamman iyayenmu mata da ake karanta wa wannan takarda a gida. Dattawa sun tuna sanƙarau na 1996 da ya kashe dubban mutane a Arewa, kuma da yawa daga waɗanda suka tashi sun tashi babu ji. Sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawarar jarirai mai tsanani, ciwon kunne mai fitar da mugunya da aka bari ya daɗe, duk suna kashe ji. Haka wasu allurai irin su jentamaisin idan aka yi su barkatai a kemis. Yaron da ya tashi daga sanƙarau a kai shi a gwada jinsa da wuri, domin ciwon yana iya sa katantanwar nan ta cike da ƙashi cikin watanni, daga nan zura wayar ya yi wuya. Jaririn da ba ya firgita da ƙarar ƙofa, ko ya shekara ba ya waiwayowa in an kira sunansa, kada a ce miskili ne, kada a ce ai babansa ma ya yi jinkirin magana. Shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ke kama harshe, abin da aka yi a shekara biyu ba daidai yake da na shekara bakwai ba. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na UCH, ba nisa da mu. A daina ɗiga man ja da ruwan albasa, a daina sosa da tsinken ashana da gashin kaza. Matasanmu masu injin niƙa da masu kwana kusa da janareta, ku toshe kunne lokacin aiki. Ƙarar da sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka, in ta zama ta kullum, tana cin ji a hankali, kuma abin da ta ci ba ya dawowa.

Mu ma a masallaci da saura. Lasifikarmu in ta yi kuwwa, mai na'ura ya fi kowa jin zafinta, don haka ladan da masu kula da ita a rage ƙara a gyara sauti. Masu zuwa da wuri su bar wuri a sahun gaba daura da mumbari ga masu nauyin ji, don su ga bakin liman. Sanarwar jana'iza da ɗaurin aure da sauyin lokacin salla a riƙa rubuta su a allon bakin ƙofa, ba a lasifika kaɗai ba. Wanda kuma yake da aboki ko maƙwabci da ba ya jin huɗuba, ya ɗaukar masa wannan takarda yau, in ba ya karatun boko ya zauna ya bayyana masa da hannu da fuska iya yadda zai iya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.