Gani Ya Kori Ji, Amma Ganin Wa?

Tun da kyamarori marasa madubi suka cika hannun masu ɗaukar hoton biki, wannan karin magana ta zama garkuwar yaran shago. Maigida ya ce a duba saiti, yaro ya ɗaga allon kyamara ya ce, "Oga, gani ya kori ji." Kuma ba a ce ba shi da hujja ba. A tsohuwar kyamara mai madubi, abin da kake leƙawa hasken waje ne tsantsa, sai ka danna kafin ka san ko hoton ya yi duhu. Daga Panasonic G1 a 2008, zuwa Sony A7 a 2013, zuwa shigowar Canon EOS R da Nikon Z a 2018, an cire madubin, ramin leƙe ya koma ƙaramin allo. Ka ƙara ISO, ka ga haske ya ƙaru nan take. To me ya rage a ji?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hotunan wata liyafar aure da aka nuna mini. Fuskar amarya, rigar ango, labulen bayansu, duk an ratsa su da layuka, wani mai haske wani mai duhu, daga sama har ƙasa. Yaron shagon da ya ɗauka ya rantse lafiya lau ya gani a allo, kuma na yarda da shi. Ya kunna shata marar ƙara don kada ya dami mutane lokacin addu'a, ladabi ne ma ya kai shi. Sai dai wannan shata ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya. Layi-layi take karanta sensa, daga wannan gefe zuwa wancan, kuma a kyamarori da yawa karatun na ɗaukar lokacin da fitila za ta kifta fiye da sau ɗaya. Wutar lantarkinmu hertz 50 ce, don haka fitilun LED masu araha na kiftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya kamawa, sensa kuwa tana rubuta kowace kiftawa. Maganin sananne ne: a koma shata mai ƙara, a kunna saitin hana kiftawa in akwai, ko a ajiye gudun shata a 1/50 ko 1/100. In janareta ne, gudunsa na iya kaucewa daga 50, sai an yi gwaji. Fitilun ado masu canza launi kuwa kiftawarsu ta fi haka sauri nesa ba kusa ba, 1/100 ba lallai ta cece ka ba. Mai bidiyo da kyamararsa ta zo daga Amurka, inda wuta take hertz 60, shi ma sai ya mayar da ita tsarin PAL, firam 25 ko 50, in ba haka ba hoton na iya yin rawa. Duk wannan maigidan yaron ya faɗa kafin su fita. Ji ne, aka kore shi.

Ga kuma ƙurar hunturu. Babu madubi a gaban sensa, kana cire lens tana sauka. A f/2.8 ba ka ganin komai, ranar da ka rufe zuwa f/16 don ɗaukar sararin sama sai ɗigo-ɗigo su bayyana.

Sai dai in na tsaya nan na zalunci magabata. Su ba su ce kowane gani ba. Ganin da suke nufi na wanda ya je da ƙafarsa ne. Allon kyamara kuwa ɗan aike ne: ya karɓi abin da sensa ta ba shi, ya gyara launi, ya ƙara ko ya rage haske gwargwadon yadda aka saita shi, sannan ya miƙo maka. Da tsakar rana ya nuna hoto kamar ya yi duhu, da dare ya nuna shi kamar ya ƙoshi da haske. Shi ya sa ƙwararru ke duba histogiram, jadawalin hasken hoto, wanda shi ma daga hoton da kyamara ta riga ta sarrafa ake lissafa shi. Ashe yaron bai gani ba, labari aka ba shi mai launi. Da ya ɗauki hoto ɗaya na gwaji, ya buɗe shi ya faɗaɗa, da ya ga layukan da idonsa, da karin maganar ta tsaya masa.

Abin da ke damuna shi ne, ji ɗin ma tsufa yake yi. Sony A9 III da aka sanar a 2023 tana karanta sensarta gaba ɗaya lokaci guda, irin waɗannan layuka ba sa fitowa a cikinta. Ranar da irinta ta yi arha, maigida zai ci gaba da cewa a kashe shata marar ƙara, yaro ya ɗaga masa allo, kuma a ranar yaron ne zai yi gaskiya. Yadda zai bambance wannan rana da ranar liyafar nan tun kafin ya danna, ni dai ban ga hanyar ba.