Dodon Ƙanƙara da Mas'alar Ƙaddara

A shekarar 1991 kamfanin Microsoft ya fitar da wasan kwamfuta mai suna SkiFree cikin jerin wasannin manhajar Windows, wanda ma'aikacinsa Chris Pirih ya ƙirƙira bayan ya samo tunaninsa daga wasan Skiing da kamfanin Activision ya yi wa na'urar Atari 2600 a 1980. Wasan na zamiya ne a kan ƙanƙara, inda mutum yake ɗaura dogayen filanki biyu a ƙafa ya gangaro daga tsauni yana kauce wa itatuwa da duwatsu da karnuka, abin da mutumin Riko ta ƙasar Jibiya, wanda sanyinsa bai wuce na hunturu ba, sai dai ya gani a allo.

Shaharar wasan ta zo ne daga ƙarshensa, domin da zarar mai wasa ya wuce mita 2,000 sai wani dodo ya fito ya bi shi ya lanƙwame, kuma ko wanda ya danna harafin F ya ƙara gudu ya tsere, wani dodon yana jiransa a gaba. Daga nan tsohuwar tambayar malaman tauhidi take tasowa: idan an riga an yanke ƙarshe, ina amfanin ƙoƙari?

Jabariyya sun ce bawa tilasta shi aka yi, ba shi da zaɓi, Ƙadariyya kuwa suka ce shi yake samar da aikinsa da kansa. Imam Abul Hasan al-Ash'ari, wanda aƙidarsa ta yaɗu a zaurukan karatun ƙasar Hausa ta hanyar littattafan Shaihu Sanusi na Tilimsan, ya bi tsakiya da ƙa'idar kasabu, wato Allah ne mai halittar aiki, amma bawa ne mai nufinsa da ɗaukar alhakinsa. Haka manomin Riko yake shuka gero da saukar ruwan farko ba tare da ya san yadda damina za ta kaya ba, kuma babu mai kiran shukarsa wauta.

Sai dai kamannin wasan da rayuwa yana da iyaka, domin a SkiFree cikin dodo ne ƙarshen zance, alhali a aƙidar Musulmi ajali ƙofa ce ta hisabi. Saboda haka tabbatar mutuwa ba hujjar naɗe hannu ba ce, ita ce ma babban dalilin kyautata aiki.