Saurin Bawul da Hukuncin Gaggawa

A 1880 Pierre da Jacques Curie suka gano cewa wasu duwatsu na ba da lantarki idan an matsa su. A 1881 suka tabbatar cewa lantarki ma na motsa su. Da wannan ake ƙera bawul mai buɗe hanyar mai ko ruwa ya rufe cikin ƙiftawar ido. Tambayar ita ce ko irin wannan sauri ya shiga gaggawar da addini ya zarga. Abin zargi shi ne aiki kafin a auna, saurin bawul kuwa an auna shi tun wajen zane. Misali, a Gure, jihar Damagaram, inda rairayi ke binne kwaruruka, hanzarin rufe famfo kiyaye ni'ima ne, domin Musulunci ya hana ɓarnar ruwa ko a alwala.