Direba, Kafin Ka Zama Mai Mota

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore mana abin hawa, Ya sanya neman halal cikin ibada. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija tun kafin a aiko shi, aka shaide shi da riƙon amana.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa direbobin tirela da tanka, nasihar yau taku ce. Duk wanda ya faro daga yaron mota, ya wanke, ya ɗaure tamfol, ya kwana a ƙarƙashin mota a Tafa ko Ogere har Allah Ya sa ya kama sitiyari, burinsa guda ne: wata rana ya ja tasa ta kansa. Buri ne mai kyau, Allah Ya cika shi. Sai dai ka sani, ranar da takardun mota suka fito da sunanka, duk nauyin da ubangidanka yake ɗauke da shi ya dawo wuyanka, kuma kai za a tambaya a kansa gobe ƙiyama.

Fara duba kuɗin da za ka sayi motar. DAF ko Mack ko Howo, ko da ta hannu ce, ba kowa ke iya biya nan take ba, shi ya sa ake cin bashi. To, bashin da ake ɗora wa ruwa, yana hauhawa duk watan da ka makara, riba ce, kuma Allah Ya haramta ta a ƙarshen Suratul Baƙara da kakkausan gargaɗi. Hanyar halal tana nan. Mai kuɗi ko banki ya sayi motar ta zama tasa, sannan ya sayar maka a kan farashi guda sananne, ka riƙa biya kashi-kashi, ba ƙari ko ka yi jinkiri. Wannan ita ce murabaha, irin cinikin da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suke yi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012. Idan kuma haɗin gwiwa za ku yi da wani, ku yanke rabon kowa daga abin da aka samu, rabi ko sulusi, asara kuwa gwargwadon jarin kowa. Ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya, ku rubuta, ku kafa shaidu. Aya ta 282 a wannan sura, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi ta sauka. Kada ka raina bashi: Manzon Allah ya taɓa ja da baya daga sallatar gawar wani mutum saboda bashin da ke kansa, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Sai kuɗin lodi. Nan ne sababbin masu mota da yawa suke faɗuwa. Ka ɗauko hatsi daga Dawanau ko shanu daga Potiskum, ka sauke a Legas, aka damƙa maka kuɗi masu kauri, sai zuciya ta raya maka duka naka ne. A cikinsu akwai na gas, da na taya, da na juyen mai, da na bakanike, da na ƙungiya, da na mai bashi, da na ranar da injin zai nemi garambawul. Ware wa mota nata kafin ka kai hannu. Wanda ya cinye kuɗin gyara ya ƙaro aure da su, kamar manomin da ya cinye irin shukarsa ne. Ita motar ba a fitar mata da zakka, amma abin da ka tara daga gare ta, idan ya kai nisabi ya shekara, akwai zakka a kansa.

Kayan da ke bayanka kuma amana ne. Kada buhu ya yi ɓatan dabo a hanya, kada a zuƙi mai daga tanka. Malaman Malikiyya sun ɗora wa mai dakon abinci biyan abin da ya salwanta a hannunsa, sai in akwai shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Yaron motarka ma yana da hakki: ka biya shi a kan kari, ka ciyar da shi, ka koya masa tuƙi kamar yadda wani ya koya maka.

Mafi nauyi duka shi ne ran mutane. Da kana direba, idan birki ya yi sanyi sai ka ce maigida ya ƙi gyarawa. Yanzu wa za ka ɗora wa? Matsin biyan bashi shi ke sa mutum ya yi lodi fiye da ƙima, ya ɗora fasinja a kan kaya, ya haɗiyi ƙwaya don kada barci ya ɗauke shi tsakanin Mokwa da Jebba. Ka fita da tayar da ta suɗe, ka murƙushe bayin Allah, sannan ka ce ƙaddara ce? Annabi ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, sannan ya dogara ga Allah. Idan barci ya zo, ka faka. Sallah kuma Allah Ya sauƙaƙa wa matafiyi da ƙasaru, don haka babu hujjar barinta.

Ɗan'uwa, in lissafin bai fita ta halal ba tukuna, ka ci gaba da tuƙa ta wani da gaskiya, kana tari, har lokacinka ya zo. In kuwa ya fita, ka yi istihara ka shiga. Allah Ya ba ku motoci masu albarka, Ya tsare ku daga bashin da ba ya biyuwa, Ya mayar da ku ga iyalanku lafiya. Amin.