A Rage Kaya, Kada A Rage Mutane

Ya kai mai karatu, tambayar da nake so mu duba a wannan ɗan rubutu ƙarama ce a ido, amma duk wanda ya taɓa riƙe gida ya san nauyinta. Tambayar ita ce: idan magidanci ya yi wa 'ya'yansa alkawarin zai kai su yawon Salla birni, sa'an nan lokaci ya zo aljihu ya gaza, me ya kamata ya yi? Ya fasa ne, ko ya ci bashi ya cika, ko kuwa ya rage? In kuwa ragewa zai yi, daga ina zai soma? A gidan baffana na tsinci wannan tambaya, a wani ƙauye da ke ƙasar Dambatta, a Babbar Sallar shekarar 2024.

Kafin mu shiga cikin maganar, ya kyautu mai karatu ya san yadda ƙasar take. Duk wanda ya bi hanyar Daura daga Kano zai ga gona na bin gona, gida na kallon gida, babu wani daji da ya rage sai itatuwan da aka bari da gangan a cikin gonaki, irin su gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya. Saboda yawan jama'a gonakin ƙanana ne, kuma ba a barinsu su huta, sai dai a yi ta zuba musu taki kowace shekara. Wannan ne ma ya jawo hankalin masu bincike irin su Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana nazarin yadda manoman kewayen Kano ke ci da mutane masu yawa daga ƙasa 'yar kaɗan. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri ya san jaki da akuya da zabo, amma kura da zaki a tatsuniyar Gizo kaɗai yake jinsu. Saboda haka Gidan Zu na Kano, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Audu Baƙo da ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya zame wa yaran karkara wurin da suke mafarkin gani. Turawa na da irin nasu wuraren, kamar Disneyland da aka buɗe a Amurka a 1955, inda iyali kan yi tanadin shekara don su je. Namu bai kai wancan tsada ba, amma ga mai auna hatsi da kwano, nauyin ɗaya ne.

To, tun da kaka, ana cikin sussukar gero, Baffa ya ce wa yaransa in Allah ya kai rai Babbar Salla zai kai su su ga zaki. Yaran da suka isa tafiya su bakwai ne: huɗu na uwargida, biyu na amarya, da maraya ɗaya ɗan ƙaninsa da yake riƙo. Uku daga cikinsu mata ne. Sai Sallar ta faɗo a tsakiyar watan Yuni, daidai lokacin da ake shuka, rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin takin zamani na jira. Har ila yau, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 600, kuɗin mota kuwa ya bi ta. Da Baffa ya zauna ya yi lissafi, sai ya ga abin da ke hannunsa bai kai rabin abin da tafiyar za ta ci ba. Nan fa shawara ta rabu gida uku, kuma kowane gida yana da hujjarsa.

Na farko shi ne wani maƙwabcinsa dattijo, wanda ya ce a fasa kawai. A ganinsa kallon namun daji aikin masu shi ne, talaka kuwa in ya ciyar ya tufatar ya sauke nauyi. Akwai gaskiya a maganarsa, domin kuwa ci da sha su ne gaba da kome, kuma babu mai hankalin da zai bar gona ba taki don kallon biri. Amma fa ya manta da abubuwa biyu. Na ɗaya, alkawari kaya ne, kuma ba ya raguwa don an yi shi ga ƙaramin yaro. Yaro daga bakin ubansa yake fara koyon ko magana tana da daraja ko ba ta da ita. In ya ga an ce za a yi, an kuma share ba tare da ko bayani ba, to ya ɗauki darasi, kuma zai yi aiki da shi ranar da aka aike shi kasuwa da kuɗi. Na biyu, ɗan'adam ba a gina shi a kan tuwo kaɗai ba. Shari'a da kanta ta ware ranakun Idi don farin ciki, har ta hana azumi a cikinsu, ba ta kuwa ce farin cikin na mawadata ne su kaɗai ba.

Na biyu shi ne wani abokin Baffa, wanda ya ce a yi ta ta ƙare: a auno kwanon gero ashirin daga rumbu a sayar, ko a karɓi bashi a hannun ɗan kasuwa a biya da kaka, don kada yara su ji kunya a cikin tsararrakinsu. Wannan ra'ayi ya fi na farko daɗin ji, ya kuma fi shi haɗari. Duk ɗan karkara ya san abin da watan Agusta ke nufi a gidan da rumbunsa ya ƙare da wuri, kuma ya san mai karɓar bashi da damina da tsada yake karɓa, ya biya da hatsi lokacin da hatsi ya faɗi. Watau dai yaran da aka faranta wa rai yini ɗaya su ne za su biya da cikinsu wata biyu. Ba banza ba Hausawa suka ce Salla ta wuce ta bar wawa da bashi. Kuma in aka tona, sai a tarar yawancin abin da ake cin bashi dominsa ba na yaran ba ne. Na idon mutane ne, don a ce wane ya fita kunya.

Alƙur'ani mai girma, a Suratul Furƙan aya ta 67, ya yabi bayin Allah da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro wajen ciyarwa. Shi ma Aristotal, masanin falsafar Girka, a tsakanin rowa da almubazzaranci ya ajiye karimci. To dattijon nan ya karkata gefe guda, abokin Baffa ya karkata ɗaya gefen, mafita kuwa ita ce a rage. Amma cewa a tsakaita abu ne mai sauƙi a baki. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin zaɓen abin da za a yanke, kuma a nan ne ra'ayi na uku ya shigo.

Na ukun, ba zan ɓoye ba, ni ne. Na ɗauko takarda da biro irin na ɗan jami'a, na ce, “Baffa, ai lissafin a fili yake. Kuɗin nan zai kai mutum huɗu. Ka ɗauki manyan mazan uku ka je da su, mata da ƙanana a bari sai wata shekara.” Baffa bai ce kome ba. Kakarmu da ke gefe tana gyaran wake ita ce ta ɗago kai ta ce, “Kai ɗan boko, kuɗin da kake rabawa, ka tambayi inda ya fito?” Ashe kusan rabinsa ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce da matan gidan suka tara, kuma 'yan matan nan uku da na soke da biro su ne suka yi ta yawon tallarsa a ranar kasuwar Dambatta. Na yi shiru, don ban da ta cewa.

Daga baya na zauna na yi ta tunanin abin da ya sa hannuna ya tafi kan sunayensu ba tare da na yi shawara da zuciyata ba. Abin da na gano shi ne, duk lokacin da abu ya yi ƙaranci, mukan yanke daga wurin wanda ba zai yi ƙara ba: 'ya mace, ɗan amarya ko ɗan wadda aka saki, maraya, ɗan riƙo. Sa'an nan mu kira abin da muka yi tattali. Alhali kuwa kuɗin da aka rage ta wannan hanya wani ne ya biya shi, da abin da ya fi kuɗi tsada, watau saninsa cewa shi ma ɗan gida ne. Yaron da aka hana lemon kwalba zai manta kafin ya kwana. Wanda aka bari a ƙofar gida yana kallon ƙurar motar da ta tafi da 'yan'uwansa, zai iya tsufa da abin a ransa, kuma da yawa daga cikin gabar 'yan uba da muke gani a wurin rabon gado daga irin wannan rana ta samo tushe. Malamai sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa shi kaɗai ban da sauran 'ya'yansa. In haka ne a kan kyautar dukiya, ban ga dalilin da zai sa kyautar farin ciki ta fita daga wannan hukunci ba.

Ga yadda Baffa ya warware matsalar. Da farko ya ware kuɗin taki ya kai wa mai shago, don kada zuciya ta raya masa wani abu. Sa'an nan ya tara yaran bayan sallar magariba ya gaya musu gaskiya, cewa kuɗi sun yi kaɗan, za a je, amma ba yadda aka so ba. Ya fasa ɗinkin sabuwar rigarsa, ya sa aka wanke tsohuwar aka kai bugu. Ya haɗa kai da wani magidanci mai irin niyyarsa suka ɗauki shatar mota ɗaya har ƙofar Gidan Zu, suka huta da kuɗin A Daidaita Sahu daga tasha, ƙananan yara kuma aka ɗora su a cinya. Matan gida suka yi dambu, suka soya naman layya, suka cika jarka da zoɓo, saboda haka ba a sayi ko ƙwayar abinci a birni ba. Lilo kowa ya hau sau ɗaya. Hoto ɗaya aka ɗauka, kowa da kowa a ciki. Da la'asar suka juyo. Har yau in ka shiga gidan, ƙaramar cikin 'yan matan za ta ba ka labarin jimina, da yadda kura ta ba ta kunya don ta tarar ba ta kai girman da ake ba ta a tatsuniya ba.

Mai karatu zai iya cewa, to ai Baffa ya yi sa'a ne kuɗinsa sun kai bayan an rage. Ina wanda ko an rage ba za su kai ba? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba ta fita daga ƙa'idar da muka kafa ba. In kuɗi ba za su kai kowa birni ba, sai a sauya wurin: ga madatsar ruwa ta Tomas nan kusa, ga kallon dawaki da makaɗa a ƙofar hakimi, waɗanda ba a biyan ko kwabo. In kuma lalle sai an raba tafiyar, to a raba ta a fili da ƙuri'a, kamar yadda Annabi yakan yi tsakanin matansa in zai yi tafiya, a kuma sa ranar waɗanda suka rage, a cika. In ma fasawa ta zama dole, a faɗa wa yara dalili, a nemi uzurinsu. Uban da ya ce wa ɗansa “ba ni da shi bana” bai zubar da girmansa ba. Wanda ya zubar shi ne mai cewa “gobe, gobe” har yaro ya daina tambaya.

A taƙaice, rashin kuɗi ba ya hana mutum adalci, sai ma dai ya bayyana ko yana da shi. Mai yalwa yana iya ɗaukar kowa ba tare da ya yi tunani ba, don haka ba a gane halinsa. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa dole ya zaɓa, zaɓinsa kuma shi ke nuna wanda yake ƙirgawa a cikin mutane. Mu ɗalibai da muke shirin riƙe gidaje, wasunmu ma har da ofisoshi da baitulmalin jama'a, ya kamata mu koyi wannan tun yanzu, domin ranar da za a ce mana kuɗi sun gaza a rage tana nan tafe. In ta zo, mu fara da rigarmu, sa'an nan abin alfahari, sa'an nan abin marmari, mu bar mutane a cikin mota. Allah ya ba mu ikon yin adalci a cikin samu da rashi, amin.